Dokokin Duniya Kan Sauyin Yanayi da Rayuwar Mazauna Bakin Tafkin Kainji

Gabatarwa

Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, ƙasa ce da rayuwarta ta rataya a kan ruwa. Manomin shinkafa a fadamun Shanga, da mai noman albasa a kewayen Yelwa, da masuncin da ke tura kwalekwalensa daga Wara, duk da hawa da saukar Kogin Kwara suke lissafin shekara. To amma wani babban kaso na ruwan nan daga ƙasashe masu nisa yake gangarowa, kuma hayaƙin da ke hargitsa lokutan zuwansa daga masana'antun wasu nahiyoyi ya fi tashi. Saboda haka babu dokar jiha ko ta tarayya da za ta iya maganin matsalar ita kaɗai. Wannan babi zai yi bayanin yarjejeniyoyin da ƙasashen duniya suka ƙulla game da sauyin yanayi, da irin ƙarfin da suke da shi, da kuma doguwar hanyar da alkawarin da aka ɗauka a zauren taro yake bi kafin ya iso bakin tafki, in ma ya iso.

Kogin da Ke Cika Sau Biyu

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. A yankin Yauri sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce ta farin ruwa, wadda kan zo daga watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan damina ne na kusa, wanda Gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke kwasowa haɗe da laka, shi ya sa launinsa yake fari-fari. Cika ta biyu ita ce ta baƙin ruwa, wadda kan iso cikin hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan shi ne ruwan da aka yi a Gini tun da damina. Yakan yi watanni yana yawo a cikin manyan fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, kafin ya ƙaraso.

A kan wannan tsari aka gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, aka buɗe ta a 1969. Tafkin da ya taru a bayanta ya miƙa kimanin kilomita 135 zuwa arewa, har ya taɓo Yelwa, kuma injinan da aka girka an tsara su ba da megawat 760 na lantarki. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse, haka nan da yawa daga tsibiran da Gungawa suka daɗe suna noman albasa da su a kansu. A harshen tarurrukan yau, lantarkin da ake samu daga ruwa makamashi ne mai tsabta, wanda ake roƙon ƙasashe su koma gare shi. Mutanen Yauri da Borgu sun biya kuɗin wannan tsabta da gonakinsu da kushewun kakanninsu shekaru 24 kafin a rubuta yarjejeniyar farko kan sauyin yanayi.

Abin da Ya Sauya

Iskar kabon da ke fita daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas tana taruwa a sararin samaniya, ta riƙe zafin da ya kamata ya fice. Kafin zamanin masana'antu yawanta bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yanzu kuwa ya haura 420. Hukumar Nazarin Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa zafin shekarar 2024 ya ɗara na wancan zamani da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyos. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, don haka idan ta saki ruwa takan sake shi da yawa a lokaci guda, idan kuma ta hana sai ƙasa ta ƙara bushewa.

Kogin Kwara ya ga fuskokin nan biyu. Farin shekarun 1970 da 1980 ya kai ga kogin ya daina gudu a Yamai cikin watan Yuni na 1985, lantarkin Kainji ma ya ragu a waɗannan shekaru. Daga baya kuma sai ambaliya ta riƙa yawaita. Ta 2012 ta raba fiye da mutum miliyan 2 da muhallinsu a Nijeriya. A 2020 kogin ya kai matsayin da ba a taɓa auna irinsa ba a Yamai, kuma aka ƙiyasta cewa kimanin hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya cinye a Jihar Kebbi. Ta 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa. Wani rukunin masana da suka yi nazarin ruwan wannan shekara sun gano cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar saukar irin wannan mamakon ruwa a ƙasan kwarin Kwara kusan sau biyu.

A nan ya kamata malami ya yi hattara, domin ba kowace masifa ce ake jingina wa sauyin yanayi ba. Raguwar kifi a tafkin tana da nasaba da yawan masunta da amfani da taru mai ƙananan idanu wanda ke kwashe 'ya'yan kifi. Jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021, inda aka rasa rayuka masu yawa, lodin da ya fi ƙarfinsa aka yi masa. Ɗora wa yanayi laifin irin waɗannan abubuwa hanya ce ta wanke waɗanda hakkin gyara yake wuyansu.

Daga Riyo Zuwa Faris

A 1988 aka kafa kwamitin masana na ƙasa da ƙasa domin ya riƙa tattara binciken kimiyya kan sauyin yanayi yana miƙa wa gwamnatoci. Rahotonsa na farko, na 1990, shi ya share fagen Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Sauyin Yanayi, wadda aka fara rattaba wa hannu a birnin Riyo na ƙasar Birazil a 1992. Ta fara aiki a watan Maris na 1994, kuma a wannan shekarar Nijeriya ta amince da ita. Ba ta yanka wa kowace ƙasa adadin hayaƙin da za ta rage ba. Abin da ta kafa shi ne wata ƙa'ida wadda har gobe a kanta ake jayayya, wato nauyin gyara yana kan kowa, amma ba daidai yake ba. Wanda ya fi ɓarna, kuma ya fi hali, shi zai fi ɗauka. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ita ce ta gwada sanya adadi. Ta wajabta wa ƙasashe masu arzikin masana'antu su rage hayaƙinsu da kimanin kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990, tsakanin 2008 da 2012. Sai a 2005 ta fara aiki. Amurka ta sa hannu amma ba ta taɓa amincewa da ita ba, Kanada ta fice a 2011, Sin da Indiya kuwa tun farko ba a ɗora musu wani adadi ba. Darasin da aka koya shi ne, idan aka tsananta doka, manyan ƙasashe sai su ƙi shiga.

Yarjejeniyar Faris, wadda aka cim ma a ranar 12 ga Disamba 2015, ta bi wata hanya daban. Burinta shi ne kada ƙarin zafin duniya ya kai digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Kowace ƙasa ita za ta rubuta wa kanta alkawari, ta sabunta shi duk bayan shekaru 5, kuma sabon ya fi tsohon ƙarfi. Abin da ya zama wajibi a rubuce shi ne gabatar da alkawarin, da ɗaukar matakai a cikin gida, da bayar da rahoto. Babu tara ko wani hukunci a kan ƙasar da ta gaza cika abin da ta ɗauka. Tsarin ya yi kama da adashin da kowa ke faɗin abin da zai zuba da bakinsa, ba kuma wanda zai je gidansa ya karɓo in ya ƙi, sai dai kunyar idon jama'a. Ƙofar fita ma a buɗe take: Amurka ta fice a 2020, ta dawo a 2021, ta sake ba da sanarwar ficewa a watan Janairu na 2025.

Wa Zai Biya?

Ga manomin da ruwa ya cinye wa gona, batun rage hayaƙin Turai magana ce ta jikoki. Abin da ya shafe shi yau shi ne kuɗin gina ganuwar tare ruwa, da iri mai jure nutsewa, da diyyar abin da ya riga ya salwanta. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020. Bisa lissafin ƙungiyarsu, sai a 2022 aka cika adadin, kuma mafi yawan kuɗin gwamnatocin da ke ciki rance ne. A taron Baku na 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara kafin 2035, adadin da wakilan ƙasashe masu tasowa, har da na Nijeriya, suka ce ya yi kaɗan ƙwarai. Shi kuwa asusun asara da ɓarna, wanda aka amince da kafa shi a Masar a 2022, alkawarin da aka yi masa a taron Dubai na 2023 bai wuce kimanin dala miliyan 700 ba, ga dukkan ƙasashen da abin ya shafa.

Wani sabon babi ya buɗe a ranar 23 ga Yuli 2025, lokacin da Kotun Duniya da ke birnin Heg ta bayar da fatawarta kan wannan batu. Alƙalan baki ɗaya sun ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, har da waɗanda ba sa cikin yarjejeniyar Faris, domin akwai tsohuwar ƙa'idar da ta hana ƙasa yin sakacin da zai cutar da muhallin wasu. Sun ƙara da cewa ƙasar da aka cutar tana iya neman diyya, muddin ta tabbatar da alaƙa tsakanin laifin da cutar. Fatawa ba hukunci ba ce, ba ta tilasta wa kowa biyan ko sisi. Duk da haka kotunan ƙasashe za su riƙa kafa hujja da ita. Abin sha'awa ga ɗalibi shi ne, ɗaliban shari'a na wata jami'a a tsibiran Tekun Fasifik su suka faro wannan yunƙuri a 2019, ƙasar Banuwatu ta ɗauka ta kai shi Majalisar Ɗinkin Duniya.

Dokar Rabon Ruwan Kwara

Akwai wani reshe na dokar ƙasa da ƙasa wanda ba a cika ambatonsa a labarai ba, alhali ya fi kusa da tukunyar Bayauri fiye da duk abin da aka zayyana a sama. Wannan shi ne dokar rabon ruwan kogin da ƙasashe suka yi tarayya a kansa. A 1964 ƙasashen da Kwara da rassansa suka ratsa sun kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda aka sake wa fasali a garin Farana na Gini a 1980 ta zama Hukumar Kula da Kwarin Kogin Neja, mai hedikwata a Yamai. Ƙasashe 9 ne a cikinta: Gini, Mali, Nijar, Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Cadi, Kamaru da Nijeriya. A watan Afrilu na 2008 shugabanninsu suka amince da kundin ƙa'idojin ruwa. Kundin ya tanadi cewa a yi amfani da ruwan cikin adalci, kada wata ƙasa ta yi aikin da zai yi wa maƙwabciyarta babbar illa, kuma duk mai niyyar gina madatsa ya sanar da sauran tun da wuri. Waɗannan ƙa'idoji su ne kuma ginshiƙin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan tarayya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010.

Muhimmancin wannan kundi yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda damina ke ƙara rashin tabbas. Ƙasar da ke tsoron fari, abu na farko da takan yi tunani shi ne ta tare ruwa ta ajiye. Nijar ta aza harsashin madatsar Kandaji a arewa da Yamai a 2008, ko da yake an sha ɗage ranar kammala ta. Mali tana da shirin madatsar Tawusa, Gini kuma tana da na Fomi. Kowanne daga cikin ayyukan nan, a takardun ƙasar da ke yin sa, mataki ne na kare kai daga sauyin yanayi, kuma da gaskiyarsu. Amma ruwan da aka tare, aka yi ban-ruwa da shi, ko rana ta shanye shi a sabon tafki, daga cikin baƙin ruwan da Yauri ke jira da hunturu aka cire shi. Kandaji ita kaɗai ba ta kai ta girgiza Kainji ba, domin ruwan da aka tsara za ta riƙe kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na wanda Kainji ke riƙewa. Abin dubawa shi ne jimillar madatsun idan suka haɗu, musamman a shekarar da damina ta gaza a Gini.

Ita ma Nijeriya ba ta kuɓuta daga irin wannan lissafi ba, domin a cikin gida ma akwai na sama da na ƙasa. Tafkin Kainji kan sauka da kimanin mita 10 a kowace shekara, kuma filin da ya bari shi ne gonakin rani da makiyayar burugu ta dabbobi. Idan aka riƙe ruwa domin a tsare garuruwan da ke ƙasa da madatsa, sai ya koma baya ya mamaye gonakin Ngaski da Yauri. Idan aka saki, sai mutanen Jebba da Lakwaja su kwana a tsaye. Ma'aikacin da ke buɗe ƙofar ruwa yana yanke hukunci ne tsakanin manoma biyu da ba su san juna ba.

Bugu da ƙari, irin waɗannan yarjejeniyoyi da zumuncin gwamnatoci suke numfashi. Tun shekarun 1970 Nijeriya ke tura wa Nijar lantarki ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma an daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin tukuicin barin kogi ya gangaro. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Biyu daga cikin ƙasashen nan uku su ne Kwara ke ratsawa kafin ya iso Yauri, kuma daga tashoshin awonsu ake samun labarin ambaliya kwanaki kafin ta ƙaraso.

Yadda Alkawari Ke Zama Doka a Gida

Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa babu yarjejeniyar da za ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Ke nan manomin Shanga ba zai iya shiga kotu riƙe da yarjejeniyar Faris ba. Sashe na 20, wanda ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli, yana cikin babin manufofin da ba a cika iya ƙarar gwamnati a kansu kai tsaye ba.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Faris a 2017. A alkawarinta na 2021 ta ce kafin 2030 za ta rage kashi 20 cikin 100 na hayaƙin da aka yi hasashen za ta fitar, da ƙarfin kanta, ko kashi 47 idan ta sami tallafi. A taron Gilasgo na wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauki alkawarin cewa kafin 2060 abin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce abin da dazuzzukanta da sauran hanyoyi ke shanyewa ba. A watan Nuwamba na 2021 ya sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan wannan batu a ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin dashen itatuwa domin tare hamada, tana kuma cikin jihohin Arewa da Bankin Duniya ya ware wa rancen dala miliyan 700 a 2021 domin farfaɗo da ƙasar noma.

Sai dai hukumar da ta fi kusa da bakin tafki ba daga Faris ta samo asali ba. Ita ce hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. An yi dokar kafa ta a 2010, a 2018 aka rage kason da za ta riƙa samu daga kuɗin shigar madatsu daga kashi 30 zuwa kashi 10 cikin 100, kuma ta shafe kimanin shekaru 10 a takarda kafin ta fara aiki. Daga nutsewar tsibiran Gungawa zuwa ranar da ta buɗe ofis, an haura shekaru 50. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamaki ba idan dattijon Yauri ya ji labarin asusun asara da ɓarna ya yi shiru.

Aikin Malamin Hausa

Yarjejeniyar 1992 da ta Faris duk sun wajabta wa ƙasashe ilimantar da jama'a kan wannan batu, kuma dokar 2021 ta yi tanadin shigar da shi cikin manhajar makarantu. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassararsa ta Hausa, hukumar kula da ruwan koguna kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu. A ƙauyuka da yawa na bakin tafki, malamin firamare yana cikin mutane ƙalilan da za su iya samun waɗannan takardu su karanta wa jama'a kafin a zuba iri a fadama.

Matsalar farko da zai ci karo da ita ta kalma ce. Hausa tana amfani da kalmar yanayi ga halin da gari ya wayi da shi yau, da kuma ɗabi'ar damina da rani ta wani yanki a tsawon shekaru, alhali masana sai sun tara awon shekaru 30 kafin su ce ɗabi'ar ta sauya. Ɗalibin da bai bambance waɗannan biyu ba zai ɗauki kowane hadari mai ƙarfi a matsayin hujja, ko kuma ya ƙaryata batun gaba ɗaya don an yi hunturu mai sanyi. Hanya mai sauƙi ita ce malami ya tura ɗalibansa wurin tsofaffin masunta da manoma, su tambayo a wane wata baƙin ruwa yake isowa a zamanin ƙuruciyarsu, da inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2020, da sunayen kifayen da aka daina gani a kasuwar Yelwa. Sai a rubuta amsoshin da kalmomin da tsofaffin suka yi amfani da su, a sa sunan ƙauye da shekara, a ajiye a makaranta domin 'yan ajin baɗi su ɗora a kai.